Shuɗin Alli a Kafaɗar Tumakin Baba

Tumaki talatin ne a garken, sha biyar da shuɗin alli a kafaɗa, sha biyar babu. Auta ta ƙirga su daga dama, ta sake ƙirgawa daga hagu, kamar lissafin zai canza in an sauya masa hanya. Bai canza ba. Su kuwa tumakin sai suka tsaya suna tuƙa suna kallonta, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya faɗo gida ba sallama.

Ranar Litinin ce, ranar Alhamis da safe kuma dillali zai zo da mota ya kwashe rabinsu. Wannan kam kowa ya sani. Kaka ta zo ƙarshe, ciyawar fili ta bushe ta kwanta, itatuwan bakin shinge sun kakkaɓe ganyensu, sanyi ya fara cizon yatsu da safe. Ruwan da ya sauka ba a kan lokaci ba ya ruɓar da rabin ciyawar da aka yanka aka tara, abin da ya tsira a rumfa ba zai fitar da baki talatin daga sanyi ba. Sha biyar zai riƙe, su ma sai da lallaɓawa. Abin da ba wanda ya sani shi ne waɗanne sha biyar ɗin.

Wanda ya sani yana ɗaki. Sati uku ke nan da maƙwabcinsu ya tsinci Baba kwance a cikin garken nan, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Asibiti suka yi iya yinsu, suka sallamo shi da keken guragu da jakar magani, maganarsa ce dai ba su haɗo shi da ita ba. Shekara arba'in shi kaɗai ke zaɓen wadda za ta tafi da wadda za ta zauna, ba ya shawara da kowa, ba ya rubuta komai. Daga tumaki uku ya tara garken, yana tankaɗe yana rairaya, har aka san irin nasa a kasuwa. In aka ɗora na kirkin a mota aka bar tarkace, aikin shekara arba'in ya tafi a safiya ɗaya, kuma Auta ce za ta buɗe musu ƙofa da hannunta.

Ita fa tela ce. Tun tana 'yar shekara sha tara ta bar gonar, tana da shagonta a gari da keken ɗinki biyu, rabonta da kama tunkiya har ta manta. Autanci ne ya ja mata, don yayanta yana aiki a wata uwa duniya, ya ce ba a ba shi hutu ba. Ta rufe shago, ta gaya wa masu ɗinki sati biyu za ta yi, ga shi tana cikin na uku da takalmin roba na Baba da ya fi ƙarfin ƙafarta.

Da farko abin bai ba ta wuya ba. A wurin tela, inda alli ya bi nan almakashi ke bi. Wa zai ɓata alli a kan abin da ba zai taɓa ba? Masu shuɗi su ne masu tafiya, shi ke nan. Da wannan ta shiga kicin, ta tarar da Inna na dama wa Baba abin da zai sha, ta faɗa mata don dai ta ji an ce haka ne.

"Haka ne mana," in ji Inna. Ta juya cokali sau biyu. "Ko kuwa dai masu zaman ne yake shafa wa?"

"Inna, wanne ne a ciki?"

"Yo ni na sani? Kullum cikin shafa musu abu yake. Yau ja, gobe kore, jibi shuɗi. Ni kajina da awakina na sani. Ranar da na ce wata tunkiyarsa ta rame, kwana biyu bai ci abincina ba. Tun daga nan na kama kaina."

"Shekara arba'in ba ki taɓa tambayarsa ba?"

"Shi ya taɓa tambayata yadda nake gane kazar da za ta yi kwanci? Kira yayanki, shi ya taso a cikinsu."

Yaya ya ɗauki waya cikin ƙarar injina, ya amsa tun ba ta rufe baki ba. "Masu shuɗi su ne masu zama. Haba Auta, wannan ai ko yaro ya sani. Waɗanda yake so yake yi wa alama don kada a yi kuskure a ɗauke su."

"Ka tabbata?"

"Ɗari bisa ɗari." Sai kuma ya ce, "A ina shuɗin yake? Kafaɗa ko ƙugu?"

"Kafaɗa."

"To, na ƙugu na sani. Na kafaɗa kuma... ke dai ki duba da kyau. Ana kirana."

An ce matambayi ba ya ɓata. Wanda ya fara faɗin haka bai tambayi mutum uku a rana ɗaya ba. Na ukun shi ne maƙwabcin da ya tsinci Baba, dattijo mai kiwon zuma, wanda su Auta suka taso suna ce wa Kawu. Ta same shi yana lulluɓe amyoyinsa da buhu saboda sanyi. Ya saurare ta har ƙarshe yana gyaɗa kai, kamar mai shirin warware zare da abawa.

"Duk ba su gane ba," ya ce. "Maganin tsutsar ciki ne. Wadda ya ɗura wa sai ya shafa mata, kada ya maimaita."

"To Kawu, me ya sa rabi kawai zai ɗura wa?"

"Wataƙila maganin ne ya ƙare."

"Kwalbar tana nan a cike, ko buɗe ta ba a yi ba."

"To ba shi ba ne ke nan," in ji Kawu, ya ci gaba da ɗaure buhunsa. Da ya ga ta yi tsaye ba ta da niyyar tafiya, sai ya ƙara da cewa, "Ki duba bakinsu. Tsohuwa haƙori ke tona ta. In masu shuɗin tsofaffi ne, kin samu amsa."

Ranar Talata ta ƙare ta a kan haƙoran tumaki. Duk wanda ya ce tunkiya ba ta da wayo bai taɓa neman buɗe mata baki ba. Sai da Auta ta sha faɗuwa uku a cikin taɓo kafin ta gane yadda ake matse su a kusurwar shinge da gwiwa. Ta ɗauko littafin awon da take rubuta kafaɗa da tsawon hannu na masu ɗinki, ta raba shafi biyu, masu shuɗi da marasa shuɗi.

Ta farko mai shuɗi ita ce Goggo, tsohuwar tunkiyar da ke jan garken, wadda Baba ya raina da kwalba a gefen murhu shekarun baya. Bakinta ba komai sai dasashi. Auta ta ji daɗi duk da tausayi, ta ce ga amsa ta fito, masu shuɗi tsofaffi ne. Ta biyu mai shuɗi sai ga budurwar tunkiya, haƙora reras, gadon baya kamar teburin yanka, wadda ko makaho ya shafa ya san ba ta sayarwa ba ce. Ta uku tsaka-tsaki. Ta koma wajen marasa shuɗi, nan ma haka, tsohuwa, yarinya, tsaka-tsaki. Da la'asar ta zauna a kan kwamin ruwa ta dubi shafin nan biyu, babu wanda ya fi wani da komai. Abu ɗaya ta lura da shi, marasa shuɗin sun fi yawan ɗingishi. Ta rubuta, sannan ta tuna ita ma ɗingishi take yi tun faɗuwa ta biyu, sai ta soke.

Ba wai ba ta tambayi Baba ba. Shi ta fara tambaya, kuma nan ne abin ya fi ci mata rai. Likita ya ce a riƙe hannunsa na hagu a yi masa tambaya, in e ne zai matsa. Ta durƙusa gaban kekensa a bakin taga, inda Inna ke ajiye shi ya riƙa hango garken.

"Baba, masu shuɗin alli, su za a bari?"

Ya matsa.

Har ta fara murna, sai ta ce bari ta tabbatar. "Marasa shuɗin fa, su za a bari?"

Ya matsa.

"Baba, rabi za su tafi. Masu shuɗi su tafi?"

Hannun ya yi laƙwas. Ta tambayi na marasa shuɗi, nan ma shiru. Sai ya zare hannunsa, ya kamo nata, ya ɗaga shi sama, ya riƙa kankarar farcenta da babban yatsansa yana wani gurnani a maƙogwaro. Ya sake ta, ya kankari nasa farcen a jikin hannun kujerar, ya dube ta.

"Farce yake so a yanke masa," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Tun da aka dawo da shi yake wannan. Na yanke sau biyu."

Auta ta ɗauko abin yankan farce ta sake bi, duk da babu abin yanka. Yana ta fizge hannu, tana ta lallashi. Da ta gama ya juya fuskarsa ga bango. A nan tsoro ya kama ta sosai, tsoron da ya fi na tumakin. Ta ce a ranta, ashe ba magana kaɗai ta tafi ba, har da mutumin. Ta fita bayan rumfar ciyawa ta yi kukanta, ta share fuska da hannun riga ta dawo.

Ga kuma cin abinci. Cokali uku yake karɓa, a na huɗu sai ya datse baki. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi barazanar kiran likita, duk a banza. Auta ta san dalili ko ba a faɗa ba, don da dokar Baba aka yaye su. Duk shekara in zai ɗora tsohuwar tunkiya a mota suna kuka, abin da yake cewa ke nan: "Gona ba asibiti ba ce. Wadda ba ta iya ci da kanta ba a barin ta ta kai lokacin sanyi a gidan nan." Ba wanda ya tuna masa, ba kuma wanda ya manta.

Ranar Laraba aka yi ta kwan-gaba kwan-baya. Da safe ta ware masu shuɗi a ƙaramin garke kusa da ƙofa. Da hantsi Yaya ya kira ya ce ya tuna sarai, masu zama ne, ta mayar da su ta kawo marasa shuɗi. Da azahar ya sake kira ya ce ya yi tunani, wancan tsarin na raguna ne, ba na tumaki ba. Tumakin suka gaji da ita, har ta kai in ta taɓa sakatar ƙofa sai su raba kansu biyu, ba bisa shuɗi ba, bisa ra'ayinsu. Da rana ta yi sanyi ta tsaya a kan abin da ta sani. Tela ce ita, alli na yanka ne. Ta kulle masu shuɗi a ƙaramin garke ta ce in ta yi kuskure Allah ya ga zuciyarta.

Dillali ya iso Alhamis da sassafe, raɓa ba ta ko bushe ba. Ƙaton mutum ne mai ƙaramar murya, ya fi shekara ashirin yana ɗaukar tumakin Baba. Ya shiga ya gai da mai jiki, ya fito yana girgiza kai, ya saukar da katakon hawa a bayan motar.

"Ƙanwata, waɗanne ne?"

"Masu shuɗi," ta ce, da muryar da ta aro.

"Shi ya zaɓa?"

"Shi ya shafa allin."

Dillali ya ɗauka amsa ce. Suka fara kora, Goggo na gaba sauran na biye, har sha biyar suka hau. Ya shiga cikinsu yana dubawa kamar yadda ya saba, ya shafa baya, ya leƙa baki. A kan budurwar nan ya tsaya, ya ce, "Wannan kuma?" Ya ɗaga ƙafarta ya kankare taɓon da yatsa. Ya ɗaga ta wata. Ya ɗaga ta uku.

"Ƙanwata, zo ki gani. Duk an gyara musu kofato, kwanan nan ma. Wa zai sunkuya ya fere kofaton dabbar da zai miƙa wa mahauci? Waɗannan masu zama ne. Saura kaɗan ki sa ni ɗaukar alhaki."

Auta ta ji sanyi a ranta, ga shi dai an samu mai hujja. Suka sauke sha biyar. Saukar ta fi hawan wuya, don Goggo ta ce ita ta samu wuri. Suka kora su babban garke, suka fito da marasa shuɗi. Inna ta fito bakin ƙofar kicin da tsumma a hannu tana kallo, ta ce, "Au, an fasa kuma?"

Yanzu kam dillali sai da ya ɗaga ƙafar kowace kafin ta hau. Kofato ya yi tsawo ya lanƙwashe, ya ce hau. Ta biyu haka, ta uku haka. Yana yi yana yabon kansa, wai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ta tara, wata mai baƙin kunne, ya ɗaga ƙafar gaba ya tsaya cak.

"Wannan an gyara."

"Ba ta da shuɗi," in ji Auta.

"Na gani." Ya ɗaga ɗaya ƙafar gaban. An gyara. Ta baya ta hagu, an gyara. Ta baya ta dama, kofaton na nan da tsawonsa, ya lanƙwashe ya cika da taɓo. Dillali ya sake ta ya tura hula gaba yana sosa ƙeya. "To wannan mai tafiya ce ko mai zama? Ko ƙafa uku za su zauna ɗaya ta bi ni?"

Auta ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa a cikin taɓon, ta ɗaga ƙafar da kanta. A gefen kofaton akwai ɗan tsagi guda, inda wuƙa ta fara shiga ba ta fita ba. Ta san wannan. Ko a cikin barci ta san rigar da aka ɗinke hannu ɗaya aka tashi aka bar allura a jikin ɗayan.

"Inna," ta kira. "Ranar da Baba ya faɗi, me ya fito yi a garke?"

"Gyaran kofato mana. Da wuƙar a hannunsa aka ɗauko shi, da ƙyar Kawunku ya ɓamɓare ta. Tana nan cikin aljihun tebur."

"Inna! Kwana huɗu ina tambaya."

"Alli kika tambaye ni. Kin tambaye ni wuƙa?"

Ashe shuɗin ba ya nufin tafi, ba ya nufin zauna. Wadda ya gama wa ƙafa huɗu yake shafa wa, don kada ya sake kamo ta. Ya gama sha biyar, yana kan ta sha shida ciwon ya kayar da shi. Kwana huɗu tana auna layin da ta ɗauka hukunci ne, alhali wurin da mahaifinta ya faɗi ne kawai.

"Shi ya sa," in ji dillali a hankali. "Shekara ashirin ban taɓa kai tunkiyarsa kasuwa tana ɗingishi ba. Duka yake gyara wa, ya ga tafiyarsu, sannan ya zaɓa. Ke nan bai zaɓa ba tukuna."

Auta ba ta jin sa. Yatsan Baba take tunawa a kan farcenta, da yadda ya matsa mata hannu sau biyu. Duka amsoshin gaskiya ne, bai sallami ko ɗaya ba. Ya gaya musu abin da ya rage a yi da hannu ɗayan da ya rage masa, su kuma suka yanke masa farce sau uku.

"Don Allah ka sauke waɗannan ma," ta ce wa dillali. "Ka ba ni awa biyu."

"Na ɗora, na sauke, na ɗora, na sauke. Yau ko tumakin sun san motata fiye da ni." Amma ya sauke, kuma shi ya jera katakai a kan taɓo daga ƙofar ɗaki zuwa garke, shi ya turo keken, Inna na biye da bargo tana faɗan za a sa mata miji mura.

Auta ta jawo mai baƙin kunne har gaban Baba, ta ɗaga ƙafa ta huɗu, ta nuna masa wuƙar. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ɓarin fuskarsa mai lafiya ya motsa, hawaye ya gangaro.

"Ka yafe mana, Baba. Mun gane yanzu."

Dillali ya zaunar da tunkiyar a kan ƙugunta. Auta ta sa wuƙa, Baba ya buge mata hannu. Ya kama wuyan hannunta ya karkata shi kaɗan, ya tura daga dunduniya zuwa gaba. Ɓawon kofaton ya fita sumul, ya faɗi a kan katako. Ya miƙa hannu, ta gane, ta sa masa shuɗin alli, ya shafa wa tunkiyar a kafaɗa da kansa.

Sauran sha huɗun ita da dillali suka gyara, Baba na gurnani duk lokacin da wuƙa ta kauce. Awa biyu ta zama uku. Sannan aka buɗe ƙofa aka riƙa sako su ɗaya bayan ɗaya suna wucewa ta gabansa. Ya kalli tafiya, ya ɗaga leɓe da babban yatsa, ya shafa gadon baya, ya taɓa hantsa. Wadda za ta zauna sai ya jawo ta jikinsa, wadda za ta tafi ya tura ƙugunta wajen mota. Ba ya jinkiri, ba ya komawa baya. Budurwar nan ya jawo ta, mai baƙin kunne ma haka. Auta ta tsaya tana kallon hannun nan guda yana warware abin da ya hana ta barci, ta ce a ranta mutumin nan yana nan daram, su ne ba sa nan.

Goggo ba ta jira a kamo ta ba. Tun farko ta zo ta ɗora haɓarta a gwiwarsa, ta ƙi matsawa, sai zagaye ta ake yi. Da aka ɗora sha huɗu a mota, sha biyar na cikin garke, ita kaɗai ta rage. Baba ya ɗaga leɓenta. Ya daɗe yana kallon dasashin, ya fi yadda ya kalli na kowace. Ya sosa mata bayan kunne. Sannan ya dafa ƙugunta ya tura ta wajen mota, ya ɗago ya dubi Auta ido cikin ido, ba tunkiyar ba.

Wannan karon ba ta nemi mai fassara ba. Ta taka ta ɗaga katakon motar da kanta, ta ce wa dillali ya rufe.

"Sha biyar muka yi da shi," in ji dillali.

"Sha huɗu ka samu."

Baba ya bugi hannun kujerar. Ya sake bugawa, ya nuna rumfar ciyawa, ya nuna Goggo.

"Na sani, Baba, ciyawar sha biyar ce. Ba za ta taɓa ta ba, da me ma za ta ci? Dusa zan riƙa jiƙa mata da ruwan ɗumi, safe da yamma."

"Wa zai jiƙa?" in ji Inna. "Ni gwiwata ba ta kai ni garke."

"Na ce ni. Zan aika a kawo min keken ɗinkina guda." Sai da ta faɗa ta ji abin da ta faɗa, ba ta kuma janye ba. Ta durƙusa ta gyara wa Baba bargon. "Na san dokar, da ita ka raine mu. Gona ba asibiti ba ce. To bana ta zama, kuma ni ke riƙe da sakata."

Ya kawar da kai. Dillali ya yi musu sallama, ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan dai gado ne. Motar ta fita tana tangaɗi a kan hanya, tumakin garke suka yi ta kuka na ɗan lokaci, sannan suka koma kan ciyawa.

Da rana Auta ta jiƙa dusar a tsohon kwano, ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki, daidai inda Baba zai gani. Goggo ta zo ta tsoma baki tana sha tana ɓata haɓa, ba kunya ba godiya. Auta ta ja kujera ta zauna gabansa da nasa kwanon. Cokali na farko ya karɓa, na biyu, na uku. A na huɗu ya datse baki kamar kullum. Ta riƙe cokalin a wurin, hannunta har ya fara gajiya. A waje ana jin ƙarar kwanon Goggo tana tura shi a kan siminti tana lasar gindinsa.

Baba ya ɗaga hannun hagu ya ƙwace cokalin. Rabin abin ya zube a kan bargo kafin ya kai baki. Inna ta yunƙura za ta goge, Auta ta riƙe mata zani. Ya sake tsoma cokalin a kwanon, ita kuma ta matso masa da shi kusa.